Mutum Shida Daga Sahun Baya

Tijjani ba ya iya zama. Wannan shi ne abin da duk wanda ya san shi a Ard al-Liwa zai fara faɗa, kafin ya ce mutumin kirki ne, kafin ya yabi hannunsa. In ya zauna shan shayi ƙafarsa ta dama kaɗawa take yi har kofuna su riƙa ƙara a kan tire. In an idar da sallah shi ne na farko a bakin ƙofa yana laluben takalmi. Da safe ba ya jiran mota. Ya gwammace ya tsallake layin dogo ya taka har Dokki, inda yake aiki a wani ɗakin haɗa haƙoran roba. Gida kuwa, tun da ya zo Alkahira daga Wad Madani ya yi ta sauya shi har dillalan unguwa suka haddace muryarsa a waya. Ya zauna a Hadayek el-Maadi, ya zauna a Faisal, ya dawo Ard al-Liwa, a nan ma bai tsaya a titi ɗaya ba. Kullum da dalili. Ruwa ba ya hawowa sama, ko rana ta cika dukan bango, ko maƙwabci yana kiwon kare. Matarsa Awadiyya ta daina zubar da kwalaye. Ninke su take yi ta cusa a bayan gado, don ta san za a sake nemansu.

Bahaushen Sudan ne, jikan mutanen da suka taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar aikin hajji, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gari. Abokinsa Mu'tasim, wanda shi ma nasu ne, daga Maiurno, yakan ce tafiyar da kakan Tijjani bai ƙarasa ba ita ce ta sauko ta zauna a ƙafar jikan.

Wuri ɗaya ne ƙafar take yin shiru, wato gaban ƙaramin teburin da ke jikin taga, inda Tijjani yake fentin sojojin roba bayan sallar asuba. Ƙananan abubuwa ne, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, da garkuwoyinsu da masunsu. Mu'tasim ne ya kawo su rayuwarsa. Direba ne a wani ofishin baƙi a Dokki, kuma wani Bature da ya yi wa tuƙi ya bar masa akwati guda na su lokacin da zai koma ƙasarsu. Ta haka Mu'tasim ya gano wani shago a unguwar, inda samarin Misirawa suke haɗuwa su jera sojoji a kan tebur, su auna tazara da tef, su jefa zahar, ɗan lidon nan mai ɗigo-ɗigo, shi ne mai yanke wanda ya buga da wanda ya faɗi.

Wasan iri biyu ne, kuma a kan wannan abokan biyu suka shekara suna musu. Akwai na arangama, wanda Mu'tasim yake yi. Mutum shida ko takwas sun ishe ka, kowanne a tsaye shi kaɗai, kowanne da sunansa da fuskarsa da halinsa. Ana yin sa a kan abin da bai fi tiren cin abinci ba, a gama tsakanin la'asar da magariba. Akwai kuma na runduna, wanda Tijjani ya zaɓa. Nan sojoji ɗaruruwa ne, a manne da gam sahu-sahu a kan ƴan katakai, ana tura su gaba ɗaya kamar bango. Yana cin tebur mai girman ƙofa biyu, yana cin yini guda, kuma dokar shagon ita ce ba a ɗora sojan da ba a yi wa fenti ba.

Tijjani yana ce wa Mu'tasim shugaban ƴan fashi. Yakan ce abin da yake yi ba yaƙi ba ne, rigimar bakin kasuwa ce, mutum shida suna laɓe-laɓe a bayan bango. Mu'tasim kuwa Janar yake ce masa, kuma yakan tuna masa cewa shi ɗan fashin ya yi wasa har ya manta adadi, Janar kuwa bai taɓa jefa zahar ko sau ɗaya ba. Gaskiya ce. Tijjani ya yi alkawarin cewa wasansa na farko da Mu'tasim zai yi shi, runduna da runduna, kuma shi zai yi fentin ɓangarorin biyu, masu jan riga da masu shuɗiya. Jajayen sun kammala tuntuni. Shuɗayen saura mahayan dawakai. Kullum saura mahayan dawakai, domin da zarar sun kusa ƙarewa sai Tijjani ya ga gefen hagu ya yi sirara, ya ƙaro wani akwatin.

Yadda yake aikin ma na runduna ne. Ba ya ɗaukar soja ɗaya ya gama shi. Jera su yake yi a kan dogon katako, ya bi su da launi ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan: yau riguna, gobe takalma, jibi bakin mashi. Hannu na tafiya, kai ba ya tsayawa a kan kowa. Fuska kuwa shafe ɗaya yake yi mata da ruwan ƙasa, ba ido, ba baki. A cikin sahu ba mai lura, domin garkuwa da hula sun rufe, kuma daga nesa ake kallon runduna.

In Mu'tasim ya ce ya ware mutum shida kawai ya zana musu fuska su yi wasa, Tijjani yana da amsa a shirye. Lokacin da sojojin suka fara shigowa gidan, Awadiyya ba ta saki jiki da su ba. Ta tura aka tambayi Malam Sada, wani ɗalibin ilimi daga Katsina da suke bene ɗaya, ko ya halatta a ajiye mutum-mutumi a ɗakin da ake sallah. Malam Sada ya yi dogon bayani a kan saɓanin malamai, a ƙarshe ya ce wanda ba a cika masa siffar fuska ba lamarinsa ya fi sauƙi. Tun daga ranar Tijjani ya riƙe wannan magana. Ba shi ya ƙi ba, a cewarsa, gida ne ya hana.

Awadiyya takan ji shi yana faɗin haka daga kicin, ba ta taɓa gyara masa ba.

Suna da ƴa ɗaya, Arwa. A Hadayek el-Maadi ta rasu tana shekara bakwai, sanƙarau ne. Ranar da jikin ya tsananta lif ɗin benen ba ya aiki, kuma da Tijjani ya sunkuya zai ɗauke ta ƙafafunsa suka ƙi. Mai gadin benen, wani dattijo Ammu Hasan, shi ya saɓa ta a kafaɗa ya sauka da ita har bakin tasi. A asibiti Tijjani ne ya rufe mata ido da hannunsa. Bayan sadakar arba'in suka bar gidan, kuma a shekarar ya fara fenti.

A bana, da yaƙin Sudan ya ɗan lafa hanya ta buɗe, mutanen Sudan suka fara komawa gida ta jirgin ƙasa zuwa Aswan. Wata Talata da yamma Mu'tasim ya zo da mangwaro a leda, ya zauna a kujerar da ya saba, ya ce shi ma ya sa sunansa. Mahaifiyarsa ta tsufa, rufin ɗakinta ya zube, ba wanda zai gyara. Litinin mai zuwa zai tafi.

Tijjani ya miƙe ya buɗe taga, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ce ai kuwa sai a yi wasan ranar Asabar, zai gama dawakan.

"Janar," in ji Mu'tasim, "dawakan nan ko fari ba ka shafa musu ba. Kuma ranar Asabar samarin suna da gasa, teburin ba namu ba ne."

Tijjani ya ce to Lahadi.

"Lahadi ina ɗaure kaya. Abin da nake da shi Juma'a ce, daga la'asar zuwa magariba. Ka kawo mutum shida da tiren Awadiyya. In ba haka ba, khalas, shi ke nan, mun rabu ba mu taɓa wasa ba."

Ya faɗe ta yana dariya, amma bai kalli Tijjani ba, mangwaron yake ferewa.

Kwanakin da suka biyo baya Tijjani ya yi su kamar mai zazzaɓi. Ranar Laraba ya je shagon ya roƙi mai shi ya ba su teburin ko da rabin yini, a bar shi ya ɗora dawakan haka nan. Mutumin ya ce ma'alish, a yi haƙuri, teburin a cike yake har mako mai zuwa. Ya dawo gida ya auna falonsu da tef, ya ga ko an fitar da kujeru ba zai ɗauki rundunonin biyu ba. Ya yi tunanin rufin bene, ya hau ya tarar da shanya da kejin tattabaru da iska mai iya kwashe sahu guda. A wurin aiki ya lalata haƙoran wata tsohuwa, abin da bai taɓa yi ba, sai da ya sake su. A hanyar dawowa ya tsinci kansa a gaban wani dillali yana tambaya ko akwai gida mai babban falo a Bulaƙ. Dillalin ya ce akwai, a zo jibi a gani.

Ranar Alhamis da asuba ya jera dawakan a kan katako ya fara bin su da fari da sauri, fenti na ɗiga a kan yatsunsa. Awadiyya ta ajiye masa shayi ta tsaya a bayansa. Ta ce ko ya gama su yau, a ina za a jera su? Ya ce zai san yadda zai yi. Ta ce Mu'tasim mutum shida ya ce. Ya ce ai ta san hukuncin fuska, Malam Sada ya faɗa.

"Malam Sada ya koma Katsina tun bara waccan," in ji ta. "Kuma ni na tambaya, ba kai ba."

Ya ci gaba da fenti.

"Abu Arwa."

Rabon da ta kira shi da wannan suna tun suna Hadayek. Burushin ya tsaya.

"Ni ban hana ka ba. Ka daina cewa ni ce. Mu'tasim ɗin nan shi ya shiga kabari tare da kai ya karɓi Arwa. In ya tafi ba ku yi wasan nan ba, kwalayen da ke bayan gado za ka sake sa ni in fito da su, ni kuwa na gaji."

Ta koma kicin. Tijjani ya daɗe yana kallon dawakan. Sannan ya ture katakon gefe, ya jawo akwatin jajaye, ya fito da rukuni ɗaya na masu mashi. Sahun gaba bai iya taɓa shi ba, shi ne adon rundunar. Ya juya katakon ya sa reza a ƙarƙashin ƙafafun na sahun baya. Gam ɗin ya daɗe, ya yi tauri, kowane soja sai da ya yi ƙara kafin ya rabu. Na shida ya bar rabin takalminsa a jikin katako. Da ya gama, bayan rukunin ya zama wawulo.

Ya tsayar da su shida a kan teburin, kowanne a kan ɗan kwali zagayayye. A cikin sahu sojoji ne. A nan, kowa shi kaɗai, sun zama wasu abubuwa masu shafaffen kai, kamar ba a gama halittarsu ba. Bai taɓa ganinsu haka ba. Ya tafi aiki ya bar su.

Ranar Juma'a ba a aiki, sai ya zauna musu tun da hantsi. Ya ɗauko burushin da yake sa launi a dasashin haƙoran roba, mai bakin gashi ƙwaya biyu. Zanen ido abu ne da hannunsa ya fi ƙarfinsa: ɗigon fari, ɗigon baƙi, siririn layi a sama. Amma sai ka riƙe fuskar kusa da taka, ka tsayar da numfashi, ka dube ta har ta dube ka. Na farko ya fito da ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya goge ya sake. Tsakanin na biyu da na uku ya fita ya sayo burodin da ba a aike shi ba. Tsakanin na huɗu da na biyar ya kira dillalin Bulaƙ ya ce ba zai samu zuwa ba, a bari tukuna. Na shida, mai rabin takalmi, ya gama shi ana kiran sallar Juma'a.

Bayan la'asar Mu'tasim ya iso da ƴan fashinsa a cikin gwangwanin alewa. Awadiyya ta ba da babban tiren da suke cin abinci a kai, aka shimfiɗa masa tsumma mai ruwan ƙasa. Kofunan shayi a kife suka zama hasumiya, kwalin ashana ya zama bango, murfin kwalba ya zama rijiyar da za a yi faɗa a kanta. Mu'tasim ya ɗaga sojojin Tijjani ɗaya bayan ɗaya zuwa hasken taga, ya daɗe a kan kowanne. Ya ce wallahi shekarun nan duka ashe ɓarnar hannu ake yi.

Sai ya ce saura suna. Ba a shiga arangama da wanda ba shi da suna.

Tijjani bai shirya wa wannan ba. Ya ce a kira su na ɗaya, na biyu. Mu'tasim ya ce nan ba barikin Janar ba ne. Tijjani ya duba ɗakin, idonsa ya faɗa kan bakin kwalin da ya leƙo daga bayan gado, sai ya tuna mutanen da suka yi ta ɗaukar masa kaya suna hawa da sauka. Ya nuna na farko ya ce Ammu Sabir, mai gadin benen da suka baro na ƙarshe. Na biyu Ammu Gharib, mai satar barci a kan benci. Mu'tasim ya kwashe da dariya har yana dukan cinya, ya ce rundunar masu gadi, yau rijiyar nan ba mai shiga sai da izini. Haka Tijjani ya bi gidajen da ya zauna yana komawa baya, ɗaya bayan ɗaya, har masu gadin suka ƙare saura ɗaya, soja ma saura ɗaya.

Ya ɗauki sojan na ƙarshe. Mu'tasim ya daina dariya, domin ya san lissafin: saura gidan Hadayek.

"Ammu Hasan," in ji Tijjani, ya ajiye mai rabin takalmin a bayan kofi.

Aka fara. Tijjani ya yi abin da janar zai yi: ya haɗa mutanensa kafaɗa da kafaɗa ya turo su tsakiyar fili. Mu'tasim ya ce masa ya zol, kai mutumin nan, ka watsa su, nan ba bango ake ginawa ba, amma bai ji ba. Ƴan fashin suka zagaya ta bayan ashana, mai baka ya hau kan kofi. Zahar ya gangara a kan tsumma. Kibiya ta farko ta kuskure. Ta biyu ta sami Ammu Hasan.

Hannun Tijjani ya kai kansa zai ɗauke shi ya mayar akwati, yadda ake kwashe na runduna da tafin hannu ba a duba ba. Mu'tasim ya riƙe masa wuyan hannu.

"Ba a ɗaukewa. Kwantar da shi za ka yi a inda ya faɗi. Yana nan har a gama, sannan ka jefa masa zahar, a ga ko ya tashi."

Tijjani ya kwantar da shi rigingine. Idon da ya zana da safe yana kallon silin.

Ƙafarsa ta fara kaɗawa, kofunan suka ɗauki ƙara. Ya ce bari ya duba ko shayi ya nuna. Awadiyya daga ƙofar kicin ta ce shayi yana hannunta. Ya ce akwai zafi, bari ya buɗe taga. Mu'tasim ya ce a buɗe take, kuma juyinsa ne. Tijjani ya dafa gwiwarsa da hannun hagu, ya ɗauki tef da na dama. Duk inda zai auna sai tef ɗin ya bi ta kan wanda ke kwance. Ya auna. Ya watsa sauran biyar ɗin, ya ɓoye Ammu Gharib a bayan kofi, ya tura Ammu Sabir ta gefe. Can sai ga shi yana musu a kan ko bakin mashi ya kai ko bai kai ba, yana cewa ɗan fashi ko a tef sai ya yi sata. Ya kayar da mutum biyu na Mu'tasim. Rijiyar dai Mu'tasim ne ya ci ta.

Rana ta sauko bayan benaye, tuktuk, kekunan haya masu ƙafa uku, suna ta hon a ƙasa. Mu'tasim ya jefa wa nasa biyun, duka suka tashi, ɗaya da ɗingishi. Ya miƙa wa Tijjani zahar, ya ce ɗigo ɗaya ne kawai mutuwa, sauran duk rai ne.

Tijjani ya jefa. Zahar ya yi birgima ya tsaya kusa da murfin kwalba. Ɗigo ɗaya.

"Ya taɓa bakin tire," in ji Mu'tasim da sauri. "Ba ya cikin lissafi. Sake."

"Bai taɓa ba."

"Janar, ni na gani."

"Bai taɓa ba, Mu'tasim."

Tijjani ya ɗauki sojan ya riƙe shi a tafin hannu. Ba zai koma sahu ba, an riga an yanke shi daga katako, kuma doka ta ce ba zai sake shiga wasa ba. Awadiyya ta ajiye shayin, ta miƙa hannu ya ba ta. Ta share masa wuri a kan taga kusa da kwalbar turare, ta tsayar da shi yana kallon titi.

Tijjani ya duba sararin sama ta tagar, ya ce da sauran lokaci kafin magariba. Ya ce a sake, biyar da shida, kuma wannan karon kofin tsakiya nasa ne. Mu'tasim ya ce Janar ya lalace, ya shiga fashi da tsufansa. Suka sake jera kofunan.

Ranar Litinin ya raka shi tashar Ramsis, ya ɗaukar masa jaka har cikin tarago. Daga can bai hau mota ba, da ƙafa ya tsallaka gada zuwa Dokki, yana sauri kamar an biyo shi. Dawakan suna nan da farin fenti rabi-rabi. Dillalin Bulaƙ ya kira sau biyu, Tijjani ya ce masa zai neme shi. Gwangwanin alewar kuwa Mu'tasim ya bar shi a kan teburin fenti, ya ce kaya sun yi masa yawa, a riƙe masa ƴan fashin, kada a kuskura a manna su a sahu.